Idon da Na Kai Alfama

A shagon Custódio, inda taragon Lisbon ke kukan ƙarfe a kwana,
ya jera mini idanun kyamara uku a kan baƙin ƙyalle,
kamar mai tallar duwatsun zobe.

Na farko dogo, mai zuƙowa,
yana iya ɗauko gashin ido daga ƙarshen layi.
Na ɗaga shi, wuyan hannuna ya kai ƙara.
"Wannan ɗan rana ne, Graciete," in ji tsoho.
"Ki kai shi filin ƙwallo, zai fitar da ke kunya.
Amma ƙofarsa ƙunci gare ta.
In dare ya yi, sai haske ya bi layi kafin ya shiga,
kafin nan mai waƙa ta juya."

Na biyu mai faɗi, ba ya barin kowa a baya:
tebur, kwalba, kwat a rataye, har yaro mai wanke kofi.
Ni kuwa ba ƙidayar jama'a aka aike ni ba.

Na uku gajere, ɗan hamsin,
fenti ya koɗe a gefensa,
wani ya riga ni kwana a tsaye da shi.
Ba ya zuƙowa, ba ya ja da baya.
"In kina son kusa, ai kina da ƙafa."
Ya murɗa zoben har ɗaya da ɗigo huɗu,
sai ga shi ya buɗe kamar idon kyanwa da tsakar dare.
"Sai dai ki sani, abin da yake riƙewa tangaran
bai fi kaurin yatsa ba.
Kin kama ido, kunne ya narke.
Ba a cin biyu a nan."

Na bar rabin kuɗin haya a kan kanta,
na fito da shi a aljihu, yana dukan cinyata.

Gidan fado, can saman matakalar Alfama.
Tebur tara, kyandir shida,
da wata jar fitila da ta gaji tun ban zo duniya ba.
Aka kashe sauran, aka ajiye cokula.
A nan wanda ya haska filasha, ƙofa ce rabonsa.
Abílio ya sunkuya kan igiyoyinsa goma sha biyu,
Ermelinda ta ja baƙin mayafi,
ta jingina da ginshiƙi,
ta rufe ido.

To fa.
Ido na zo kamawa, ga shi an kulle.

Na durƙusa tsakanin kujeru, sanyin daɓe na cin gwiwata,
na manne gwiwar hannu a haƙarƙari,
na haɗiye numfashi.
Ƙyas. Ta kaɗa kai, hayaƙi na samu.
Ƙyas. Kafaɗar wani baƙo.
Wata tsohuwa ta harare ni, har kyamarar ta ji kunya.

Sai na daina farauta, na saurara.
Akwai inda murya ke hawa ta tsaya cak,
kamar tsuntsun teku da iska ta tallabe.
A nan jiki ke manta motsi.
Na sauke ido daga fuskarta
zuwa hannun da ke murɗa gezar mayafi
kamar mai matse ruwa daga tsumma.
Kyandir ya lashi ƙashin yatsunta.
Ƙyas.

Ɗari da arba'in na ɗauka, ɗaya ya rayu.
Fuska ta narke, ginshiƙi ya narke,
Abílio ya zama ɗigon zinariya a baya.

Ran Laraba na kai mata a ambulan.
Ta sa tabarau, ta matsa bakin taga.
Na shirya ba da haƙuri kan fuskar da duhu ya hana ni.
Ta daɗe shiru, tana shafa gefen takardar.
"Yarinya," ta ce, "ina kika samo hannun mahaifiyata?"