Tawada Uku

A Birni gidanmu yake, bayan tsohon garu,
inda dutse ya jingina da dutse tun ba a haife mu ba.
Ran da rufin zaure ya fara yoyo
na sauko da gafakar kakana, Malam Kyari.
Fatar ta bushe, tana ƙamshin bagaruwa da jiya.

Baƙin rubutu a tsakiya, sahu bisa sahu,
amma a gefe, inda yatsa ke riƙe takarda,
wani ƙaramin hannu ya yi ta rarrafe
kamar tururuwa ta sami hanya.

Da baƙar tawada ya ce:
"Wanda ya kai ɗansa lakwal ya sayar da shi.
Akwatin da ke magana, shaiɗan ne a ciki."
Ƙasa kaɗan, jar tawada,
hannun dai shi ne, sai dai ya fara rawa:
"Na faɗi wannan shekarar da fara ta cinye gero.
Yau jikata ta karanta mini takardar likita.
Baki kawai na leƙa, na ce na san zurfin rijiya."

Bai kankare na farko ba.
Ya bar su sama da ƙasa, suna kallon juna,
kamar tsoho da hotonsa na ƙuruciya.

Ta uku shuɗiya ce, biron babana Mutari.
Shi kalma biyu ya sani: "Ina dalili?"
Ya dasa su a kowane shafi kamar ƙaya.
Ya dawo daga karatu ya ɗora hannu a ƙirji,
uban ya saki nasa,
damina biyu ba su haɗa akushi ba.
Sai Iya Cima ta dire tuwo guda a tsakaninsu:
"Kwana tara famfo bai ɗigo ba.
Ba ni da ruwan wanke kwano biyu.
Wanda ya fi hujja ya kwana da yunwa."
Suka ci, ba mai kallon wani,
yatsu na gamuwa a cikin miya.

Ni ma na yi nawa zafin.
Na ƙi naman Ɗan Ladi mahauci, na ce yankansa da shakka,
na wuce shi a Kasuwar Dole ba sallama.
A fadar shayi ta Zango mukan raba Aljanna
kafin a zuba kofi na uku.
Ran da muka ɗauki babana zuwa makwanci,
Ɗan Ladi ne ya riƙe kafaɗar da na gaza.
Har yau ban sami babin da zan sa wannan ba,
sai dai na san nauyin kunya.

Habsu ƙanwata, da na ce muryarta ta yi ƙasa,
yanzu ita nake wa waya in lissafin gado ya cije.

Ba kowane juyi ne gyara ba, na sani.
Na ga wanda fatawarsa ke bin ƙurar motar mai kuɗi,
na ga wanda ya kafe don kar a ce ya motsa.
Akwai abin da na saki
da nake farkawa cikin dare ina tambaya:
shin gane wa na yi, ko gajiya?

Saura wuri a gefen, bai fi faɗin yatsa biyu ba.
Na ɗauki alƙalami, na ajiye, na sake ɗauka.
Na rubuta ƙanana: "Iyakar ganina ke nan, bana."
Na sa kwanan wata.
Na bar rabin wurin fari
don 'yata Barira, mai shekara bakwai,
wadda tun yanzu ba ta yarda da ni kan sunan taurari.

Rufin dai yana yoyo.
Na matsar da gafakar, na tara ƙwarya.