Bakin Allo

Ni aka ba aikin,
ni Haladu mai fenti na Tudun Wada,
mai rubuta "Ba a zuba shara a nan"
da "Sai haƙuri" a bayan tifa.
Kwamitin unguwa suka kawo farantin ƙarfe,
kamu biyu a tsaye, a kwance bai kai ba.
Na ce harafi naira hamsin,
nan take tarihi ya tsuke bakinsa.

Ga abin da kuɗinsu ya iya saye:
A NAN RIJIYAR MAI UNGUWA TAKE
TA SHAYAR DA JAMA'A A SHEKARAR FARI
sai lambobi huɗu a ƙasa,
waɗanda suka yi ta musu a kansu
har ladan ya raba su da kiran la'asar.

Rijiyar dai ba ta nan.
Kwalta ta kwanta a kanta tun ina goye,
can kan hanyar da ta fito Ƙofar Gayan.
Rimin da ke mata inuwa
ya bi motar katako, bai yi sallama ba.

Ina tsakiyar wasalin ƙarshe
wata tsohuwa ta sauke tallan daddawa,
Iya Tabawa, zane ɗaure a ƙirji.
Ta ce, "Ɗan nan, me ƙarfen ke faɗi?"
Na karanta mata da muryar rediyo.
Ta yi dariya har da riƙe ƙugu.

"Mai unguwa? Ko guga bai taɓa ja ba.
Goro ya raba, Allah ya ji ƙansa.
Cindo ne ya haƙa ta, mai yatsa shida,
gaba goma sha ɗaya, shi da 'yar ɗan dagi.
Uwata ke jan ƙasa da kwando
har igiya ta cinye zanen tafinta.
Kwana arba'in ba ɗaya.
Ran da ya iske danshi ya yi kira,
muryar ta hauro kamar daga cikin tulu:
a miƙo ƙoƙo!
Bai kurɓa ba. Ya cika, ya aiko sama.
Ni na fara sha, da lakarsa da komai,
har yau ina jin yashin a dasashina."

Ta ɗauki tirenta.
Ba ta ce gyara ba, ba ta ce bari ba.

Na dubi gaban allon, ba masakar tsinke,
kuma mai biya shi ke da baki.
Amma allo kamar mutum ne, yana da ƙeya.
Da guntun fentin da ya kwanta a gindin gwangwani
na zagaya baya, inda ba ruwan kwamiti,
na rubuta CINDO, na rubuta IGIYA,
na tsaya, don ban tambayi sunan uwar ba.
Na zana tafin hannu a gurbinsa,
ban caji kowa ba.

Damina uku ke nan.
Gaban ya sha fastar 'yan takara,
wannan bisa wancan, kowa na murmushi.
Mai shayi ya jingina bencinsa,
wani ya ɗaure tunkiya a ƙafar hagu.
'Yan acaɓa sun ba wurin suna:
"Ina za ka?" "Bakin Allo."
Ba mai tambayar allon mene ne.

Iya Tabawa ta riga mu gidan gaskiya bara.
Sunan uwarta ya bi ta.

Jiya na bi ta wajen da yamma,
na tarar da wani yaro a bayan ƙarfen
ya ɗora tafinsa a kan nawa zanen,
yana ƙirga, yana sake ƙirgawa.
Ya ce, "Malam, mai zanen nan bai iya lissafi ba,
ya ƙara yatsa ɗaya."

Na jingine kekena.
Na ce, matso, ka san akwai ruwa a ƙarƙashin ƙafarka?