Taswira Ba Ta Jin Zafi

Ni na zana filin nan na Mandawari,
a ɗaki mai sanyi, hawa na uku,
da jan biro da layi miƙaƙƙe.
Durumi uku na share da yatsa ɗaya
don saiwarsu tana ɓata mini da'ira.

Ranar buɗewa an yi tafi, an sha lemo.
Washegari na riƙo hannun Gwaggo Tasalla,
wadda hakiya ta rufe wa ido tun ina goye,
na ce zo ki taya ni gani.

Ta zare takalmi ɗaya ta taka tayil,
ta janye ƙafa kamar ta taɓa garwashi.
"Ɗan nan, wa ka gina wa wannan tanda?
Mu ne wainar?"

Ta tsaya ta baza hanci.
"Nan Lantana ke suyar awara,
ƙamshinta ke ce mini juya dama.
Can sama balbelu ke gardama da magariba,
su ne agogona.
Ina kuka kai su?
Yau hancina ba shi da alƙibla."

Na nuna mata ruwan ado da baki,
yadda yake tsalle a bayan shinge.
Ta ce tana jin sa,
tana kuma jin kurar mai garuwa
da ta wuce da jarkoki fayau, suna ƙara.

Na zaunar da ita a bencin siminti.
Hannunta ya laluba, ya ci karo da ƙarfen
da na gitta a tsakiya, har biyu,
don kada wani ya miƙe ƙafa ya yi barci.
Ta daɗe tana shafa shi.
"Ɗan dako fa, in ƙugunsa ya gaji?"
Shi ke nan abin da ta ce.

Da dare na warware taswirar a tabarma.
Na kara kunne, shiru.
Na shinshina, sai warin tawada.
Na ɗora tafin hannu, sanyi ƙalau,
ko'ina cikinta inuwa ce.

Da sassafe na zo da kurfi da guduma
da ɗan dashen darbejiya a leda.
Na fasa tayil ɗaya, ƙasa ta yi numfashi.
Na ce, Gwaggo, inuwar nan za ta daɗe ba ta zo ba.

Ta ce, "Dasa dai.
Wanda ya dasa durumin ma bai san ni ba."