Ƙeyar Kan Sarki

A Riga, hawa na huɗu,
inda taragon lantarki ke tada mu kafin gari ya waye,
kakana Visvaldis na zaune gaban taga,
bargo a gwiwa, shayi ya huce tun ɗazu.
Kogin Daugava ya daskare.
Hannunsa na rawa, idonsa ya yi yana,
shi ya sa matsefata take hannuna,
gilashin ƙara girma kuwa a wuyana yake wuni.

"Laimdota, juya shi."
Kullum haka. Ba ya gaida fuska, sai ƙeya.

Fuskar ai kowa ya santa:
ja, rana na ɓullowa, zangarniya uku, kapeika biyar.
Kan sarki ne da babu kan kowa a kai,
don ƙasar jaririya ce lokacin, ko cibi bai faɗi ba.
Ƙarshen alif ɗari tara da sha takwas,
yaƙi ya cinye takarda yadda ya cinye maza,
sai masu ɗab'i suka kwaso taswirorin da sojan Jamus suka bari,
suka kife su, suka buga a baya.
Wasiƙa ta tafi da rana a goshi,
hanyar igwa a ƙeya, manne da ambulan.

Abokansa na ranar Asabar, su Zigurds mai tari,
haƙora suke ƙirgawa.
Wannan an huda gefensa, wancan almakashi ya raba shi da ɗan'uwa,
wannan tawada ta yi kauri har ta koma jinin kare,
wancan an aza taswirarsa kai ƙasa.
Su yi ta musu har miya ta kwanta,
kuskuren mai gyangyaɗi a maɗaba'a
ya zama kuɗin hayar wata uku.

Kakana ba ruwansa da farashi.
Guntun ƙasa yake nema, faɗin farcen babban yatsa:
gwiwar wani rafi, gidan niƙa, rufi bakwai,
inda uwarsa ta yi tatata.
Yau ko tubali babu a wurin,
itatuwa sun shiga ɗaki sun zauna.
Amma wani soja ya taɓa aunawa ya zana,
wani mai ɗab'i ya yanka ƙanana,
gidan waya ya watsa su duniya
kamar gero a hannun yaro.

Shekara arba'in da ɗaya.
Ya sami fadama. Ya sami layin dogo har sau tara.
Ya sami haruffa uku na sunan ƙauyen,
sauran sun bi maƙwabci zuwa inda Allah kaɗai ya sani.

Ran nan ƙunshi ya zo daga wani dillali.
Na juya na goma sha biyu, na ga dai daji ne,
na dubi kakana, na ga yadda wuyansa ya rame,
bakina ya riga ni:
"Kaka, ga shi. Ga rafin, ga gwiwarsa."

Shiru. Agogo ya yi tafiyarsa.
"Gidan niƙa fa, wane gefe?"
"Dama," in ji ni.

Ya yi murmushin da ban gani ba tun rasuwar kakata.
"To kai ƙasa aka buga shi ke nan.
Ajiye wa Zigurds, irin nasa ne."
Ya laluba, ya dafa bayan hannuna,
yatsunsa sanyi ƙalau.

Ban ɗaga kai ba. Kunnena ya yi zafi.
Ƙanƙara na ta zuba a kan rufin kasuwa.
Saura sittin da uku a cikin ƙunshin.

"Laimdota," ya ce,
"na gaba. Juya shi."