Ƙidaya a Rafindaɗi

An ba ni alli da taswira
wadda ta ce gari ya ƙare a Ƙofar Guga.
Ƙarya take. Tuni ya haure ganuwa,
ya cinye gonar kakana, yana lasar baki.

Mai unguwa na gaba, ina biye,
muna shafa lamba a goshin kowane zaure.
Gida na arba'in da bakwai,
Iya Tamadina na tsintar wake a faifai.

"Mutum nawa ke kwana a nan?"
Ta ce, "Ɗan nan, hatsi ake ƙirgawa, da bashi."
Na lallaɓa. Ta lanƙwasa yatsu:
shida,
har da wanda ba ta faɗin sunansa.

Mai unguwa ya raɗa mini:
"Ɗan farinta, Lawandi. Ya bi motar Agadas,
damina tara, ko waya babu."

Layi biyu ne a takardar gwamnati,
wanda ke nan da wanda ya rasu.
Babu gurbin wanda ake ajiye wa tuwo.

Na rubuta shida.
Ranar da aka tara jimillar Katsina,
akwai mutum ɗaya a ciki
da ke kwana a ƙirjin uwarsa kaɗai.