Keken da Ba Ya Sauri

Likita ya latsa gwiwata ya ce, Malam Tanimu,
ko ka motsa ta, ko ta yi maka yaji.
Shekara sha ɗaya ina jan tasi a Shikago,
zama ya cinye ni daga ƙugu zuwa ƙasa.

Na fara da wani shago a titin Clark,
gilashi tun daga daɓe har rufi.
Kekuna a rataye kamar nama a rumfar mahauta,
sirara, ba tsoka ba kitse.
Yaron shagon ya ɗaga ɗaya da yatsu biyu,
wai in ji rashin nauyi.
Na ji. Na kuma ga takardar da ke lilo a wuyansa:
dala dubu biyu da ɗari huɗu.
Da wannan ai sai in sake wa Inna rufin ɗaki a Funtuwa
har a rage na siminti.
Sirdin kamar kaifin wuƙa,
kan keken a sunkuye, sai ka yi ruku'u kafin ka taka.
Na ce, ɗana, ruku'una na Ubangiji ne.
Wa nake kora? Wa ke kora ta?

Babban kantin bayan gari,
inda madara da tayar mota ke maƙwabtaka,
suka ce akwai, amma a kwali.
Ka kai gida ka ɗaura da kanka,
ga zane, ga noti arba'in a leda.
Ni da ko maɓallin riga sai na jira Ladidi.

Gambo mai gadi ya ce in duba waya.
Na duba, na bi wani har ƙarƙashin gadar jirgi.
Ya zo yana waige-waige,
guntun kwaɗon da aka datse na nan a jikin ƙarfen.
Dala talatin, in ji shi, yanzu-yanzu.
Araha ba ta ado. Na ja motata.

Sai wata Asabar, na sauke fasinja a Rogers Park,
na ga gareji a buɗe, an baza tarkace a kan tebur:
fitilu, faranti, takalman da ƙafarsu ta riga su tafiya.
Can ciki, jingine da bango,
shuɗi ne, ya koɗe.
Taya kamar damtsen maƙeri,
kai a buɗe kamar ƙahon bunaji,
sirdi faffaɗa, har da sifirin a ƙarƙashi.
Giya? Ko ɗaya.

Tsohuwar, Odessa sunanta, ta ce na Wendell ne.
Da shi yake zuwa tafki kamun kifi,
ga ma ƙugiyar bokitinsa a kariya.
Hunturu uku ke nan ba wanda ya hau.
Na laluba hannu ban ji birki ba.
Ta yi dariya: a feda yake,
in kana son tsayawa, sai ka taka baya.
Na daɗe ina juya maganar nan.

Sittin, ta ce.
Bakina ya riga ni: arba'in.
Ta dube ni ta saman tabarau,
muka tsaya a hamsin, ta ba ni famfo gyara.
Sharaɗi ɗaya: kada ya kwana a ruwa.

Yanzu bayan asuba ina bin gefen tafki,
zaune daram kamar mai jiran a zuba masa shayi.
Masu matsattsun kaya na wuce ni fuu,
suna ihun «ta hagunka!»
Ku wuce, Allah ya kai ku.
Ni na ga agwagwa da 'ya'yanta bakwai,
jiya shida na ƙirga.
Ƙararrawar ta dishe, tana tari kafin ta yi magana,
gwiwa na gunaguni, amma ta fasa yajin.

Saura magana ɗaya.
Hawa na uku nake, gidan ba lifta,
keken Wendell kuwa ya kai nauyin ɗan maraƙi,
ga hadari ya haɗo ta yamma.