Sikelin Bakin Tawa

Mun baro Tabalak da asuba,
albasa ta yi tozo,
tamfol ya kasa rufe ta.
Alhaji Tankari ya ce, "Ƙara ashirin,
mota ba ta magana."

Ashe tana yi.
A kan sikeli ta buɗe baki,
ƙafa-ƙafa ta tona mu:
ta gaba lafiya,
ta baya ta wuce ƙa'ida da tan shida.

Yaron da ke ɗakin awo
bai girmi ɗana ba.
Na gaishe shi, na tambayi mutan gida,
ya juyo mini fuskar na'ura.
Wa ya san gidan su lamba, bare a kai gaisuwa?

Buhu hamsin muka sauke gindin gawo,
ni da Arzika, yaron motata,
rana na dafa su tun ba a yanka ba.
Waya na ta kuka a aljihu.
Na san mai kira.

Sai na tuna raƙumin babana
a hanyar gishiri:
a ƙara masa kantu guda,
ya ƙi tashi daga gurfane.
Baba ya rage. Ba tara, ba takarda.

Ramin nan na gaban Badagishiri
da ya ci mini taya biyu bara,
na zagi gwamnati, na zagi damina.
Yau na gane sawuna a ciki.

Da la'asar muka ɗaga.
A gangare na taka birki,
ta tsaya inda na ce.
Arzika ya dube ni.
Ban tanka ba,
kuɗin gazwal nake lissafi.